Kwandon Guntaye

Wa ya fi laifi, hannun da ya miƙa ƙwayar, ko sunan da ke rataye a bango yana ba hannun izini? Sati shida Auta ta yi tana juya tambayar nan a ranta, kuma har safiyar Asabar ɗin da ta ajiye takardar a gabansa ba ta samo mata amsa ba.

"Sa hannu," ta ce.

Bai ɗago ba. Ya jawo takardar da yatsa ɗaya, kamar mai gudun kada ta shafa masa wani abu, ya karanta tun daga sama har ƙasa, sannan ya turo mata abarta a kan gilashin kantar shagon.

"Ba zan sa ba."

"Ba za ka sa ba..."

"An ce a nan kin yi shekara biyu kina aiki a ƙarƙashin kulawata. An kuma ce ban taɓa ganin abin da zai sa in yi shakkarki ba. Layi biyu ne kacal, Almakashi, kuma duka biyun ƙarya ne."

Auta ta ƙare masa kallo tun daga takalminsa mai sheƙi har zuwa gilashin idonsa, ta saki wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba.

"Ikon Allah. Yau kuma Na-bango ne ke ƙyamar ƙarya."

Kantin maganin na Babanta ne. Shekara talatin yana sayar da magani bai taɓa zama a aji don shi ba. Da doka ta matsa cewa sai da masanin magunguna mai lasin, Baba ya yi abin da maƙwabtansa a sana'ar suka yi. Ya samo wani saurayi da ke aiki a babban asibiti, aka sa takardarsa a firam aka rataye sama da firij, shi kuma ya riƙa leƙowa duk Asabar, ya yi minti ashirin yana duba littafin magunguna masu haɗari, ya kaɗe rigarsa ya tafi. Auta ce ta raɗa masa Na-bango. Ya rama da kiranta Almakashi, saboda kusan kullum da shi yake samunta a hannu.

Ba kowa ke iya sayen kati guda na magani ba. Wani ƙwaya huɗu zai ce, wani biyu, sai Auta ta yanka masa. Abin da ya saura, guntayen da almakashi ya raba su da sunansu da ranar lalacewarsu, sai a jefa cikin wani jan kwandon roba a ƙarƙashin kanta. Tun tana 'yar shekara goma Baba ya koya mata sanin ƙwaya da ido, da launinta, da tsagarta, da kaurinta. Shi ne abin alfaharin gidansu. Sau nawa Na-bango ya ce a zubar da kwandon nan, sau nawa ta ce masa ya fara koyon inda makunnin fankar kantin yake tukuna.

Haka suka shekara biyu, ta ja tsaki ya taɓe baki, har minti ashirin ya zama awa guda, awa ta zama yini. Wata uku da suka wuce ya shigo da fom ɗin jami'a na fannin haɗa magunguna, ya ajiye mata, ya ce kanta ya fi ƙarfin kwandon nan. A bakin ƙofa ya juyo ya ƙara da cewa, in ba ta da wani uzuri, yana so ya aure ta. Ta ce ya tafi ya ba ta waje. Amma ranar sau uku tana ba mutane maganin tari alhali na mura suka ce, sai sun tuna mata.

Ta zauna jarrabawar shiga, ta ci. Abu ɗaya ya rage, takardar shaidar aiki daga mai lasin, wadda jami'ar ke nema ga duk wanda ya daɗe da gama sakandare. Ranar Juma'a za a rufe karɓa.

Sai dai akwai abin da ya shiga tsakani.

Sati shida kafin wannan safiya, Inna Tela, mai shagon ɗinki da ke kallon kantinsu, ta tsallako titi ta ce a ba ta maganin hawan jininta na kwana biyar. Kwalin ya ƙare. Auta ta zura hannu a kwando, ta zaro guntu mai fararen ƙwayoyi ƙanana masu tsaga a tsakiya, ta ƙulle mata a leda. A rana ta uku Inna Tela ta kife a kan keken ɗinkinta, gumi ya jiƙe ta sharkaf. Ashe ba na hawan jini ba ne. Na ciwon suga ne, ita kuwa ba ta da suga.

Asibitin da Na-bango ke aiki aka kai ta. Ɗiyarta ta miƙa ledar a tagar magani, a hannunsa ta faɗa. Ya gane ƙwayar, ya kuma gane yankan, don Auta bahaguwa ce, almakashinta a karkace yake ci. Ya sa ledar a aljihu, ya ba su na gaskiyar, ya ja bakinsa ya yi shiru. Likitoci suka farfaɗo da Inna, suka ga sukarin jininta ya faɗi ƙasa warwas, amma suka rasa dalili. Mutum biyu ne kawai suka san dalilin, su ne ke tsaye yanzu kanta na tsakaninsu.

"Ki tsallaka titin nan ki faɗa mata," ya ce a hankali. "In kin yi haka, mu ga abin da zan iya rubutawa."

"In faɗa mata a rufe wa Baba kanti? A nuna shi da baki a layin da ya tsufa a ciki?"

"Matar tana zaton wata cuta ce a jikinta."

"To kai me ya hana ka? Ka je wurin waɗanda suka ba ka takardar can ka ce musu haya ka ba da ita. Ka ce ranar da abin ya faru kana can, sunanka na nan."

"Wannan daban ne."

"Daban..." Ta jinjina kai. "Ina ledar? Tana aljihunka har yanzu, ko ita ma ka sa ta a firam?"

Fuskarsa ta canza. Ya ɗauki makullin motarsa.

"Gaskiyarka ta kan wasu ce," ta ce da bayansa. "Mai araha."

Ya fita bai waiwayo ba.

A gida Baba, wanda bai san komai game da ledar ba, cewa ya yi dama ya faɗa mata. Yaron da bai san ƙamshin magani ba sai a littafi, me zai shaida a kanta? Ita kanta jami'ar, me za su koya mata da babu shi a kantin nan? Batun aure kuwa, ya ce ko mazan duniya sun ƙare ba zai ba da autarsa ga mai kallon kwandonsa kamar juji ba. Can gidansu Na-bango ma ba a zauna ba. Labari ya iso wa Auta ta bakin wata mai sayen maganin ƙafa cewa Hajiyarsa ta ce ba ta yi wahalar ɗa shekara biyar a jami'a don ya kwaso mata 'yar mai kemis ba. Tana da wadda ta zaɓa masa, ɗiyar aminiyarta, mai lasin ita ma, mai katafaren kantin magani da na'urar sanyaya ɗaki.

Ranar Litinin da hantsi sai ga ɗiyar aminiyar a kantin.

Turarenta ne ya fara shigowa. Auta ta taɓa ganinta sau ɗaya a motarsa, tun ranar take kiranta Mai Turare. Ta tsaya a tsakiyar kantin, jakarta rungume a ƙirji don kada ta taɓa wani abu, ta bi kwalayen da ido, ta bi fankar da ke ƙara, ta sauke a kan Auta.

"Ke ce mai son karatun?"

"Me za a ba ki?"

"A nan?" Ta yi murmushi. "Allah ya sawwaƙe."

Ta zaro farar ambulan ta ajiye a kan gilashi. Ta ce ta ji a bakin Hajiya cewa an hana wata baiwar Allah takarda, ita kuwa ba ta son ganin mace ta rasa ilimi. Ga shi nan ta rubuta, ta sa hannu, ta buga hatimi. Shekara biyu a ƙarƙashin kulawarta, ba kuskure ko ɗaya.

"Ba ki taɓa ganina ina aiki ba," in ji Auta.

"Kuma ban damu in gani ba. Ke karatu kike so, ni kuma kin san abin da nake so. Ki goge lambarsa. In ya zo ranar Asabar ki shige ciki ki bar shi da tsohon. Shi ke nan."

"In na ƙi fa?"

"Ki ci gaba da yanke-yankenki har ki tsufa, ƙanwata. Ai ya dace da ke."

Auta ta dubi ambulan ɗin. Ta raina matar nan tun daga jan farcenta har zuwa muryarta, ta kuma san matar ta fi raina ta. Ta tuna yatsa ɗayan da ya turo mata takarda da shi. Ta miƙa hannu ta ɗauka.

Mai Turare ta yi dariya ƙasa-ƙasa.

"Dama na ce masa ba ki da wuya."

Bayan fitarta Auta ta rubuta masa saƙo: "Na sami mai sa hannu. Ka riƙe tsarkinka." Ta goge lambar, duk da ta san ta haddace ta. Ta jefa ambulan ɗin a aljihun tebur, ta kunna fanka har ƙarshe, amma sai da yamma turaren ya bar kantin.

Sati shida ke nan tana kauce wa kallon tsallaken titi. In ta hango Inna Tela a ƙofar shago sai ta sami abin gyarawa a ƙasan kanta. Ranar Laraba dai ba ta yi saurin durƙusawa ba. Tana ɗagowa ta ga matar a bakin ƙofa, dafe da bango, ta rame har zoben hannunta na yawo.

"'Yata, kin ɓuya."

Auta ta kawo mata kujera, ta gaishe ta.

Inna ta zauna tana haki. Ta ce jikin da sauƙi, sai dai zuciya. Likitoci sun ce mutum ba ya faɗuwa haka kawai, suna zaton wani tsiro ne a ciki, ranar Litinin za su saka ta a na'ura su duba. Tun ranar ba ta hau keke ba, tana tsoron kada ta sake kifewa allura ta shige ta. Ta mayar wa mutane yadukansu. Ta tara 'ya'yanta ta faɗa wa kowa abin da zai ɗauka, babbar ta ce ba ta son keken, sai ta fashe da kuka.

"Amma ba wannan ya kawo ni ba," ta ce, ta zare tef ɗin awo daga wuyanta. "Na ji an ce za ki jami'a. Kin tuna tun kina ƙarama na ce ni zan ɗinka miki farar rigar aiki? To ban san abin da na'urar za ta ce ba. Gara in auna ki yanzu, ko da hannu ne in ɗinka a kan gado."

Ta miƙe da ƙyar, ta zagayo.

"Ɗaga hannu, 'yata."

Hannun Auta ya ƙi ɗaguwa.

"Ɗaga mana."

"Inna... ba ki da tsiro."

Ta faɗa mata duka. Kwalin da ya ƙare, da kwandon, da fararen ƙwayoyin nan biyu masu kama da juna kamar tagwaye. Sunan Na-bango kawai ta ɓoye. Tana magana tana kallon tayil ɗin ƙasa, wanda ya tsage a gefe, har ta kai ƙarshe.

Inna Tela ba ta yi ihu ba. Ta shiga naɗe tef ɗinta a yatsa, a hankali, zagaye bayan zagaye.

"Sati shida," ta ce. "Kina hango ni ta gilashin nan."

"Inna, ki yi mini duk abin da..."

"In yi miki me? Kuskure na hannu ne, kowa na yi. Ni ma na sha yanka yadin mutane ba daidai ba. Amma ban taɓa barin mai yadi ya tafi gida yana zaton jikinsa ne ya karkace ba."

Ta dube ta sama da ƙasa, irin kallon da take yi wa ɗinkin da aka yi da gaggawa.

"Farar riga. Ke?"

Ta ce ƙafarta ta bar kantin nan har abada, kuma ko ƙyallen share majina ba za ta ɗinka wa Auta ba. Ta fita ba ta dafa bango ba.

Baba yana ɗakin ajiya, ya ji komai. Ya fito yana faɗa, wai wa ya aike ta, wai ta tona masa asiri a tsufansa. Kafin la'asar babbar ɗiyar Inna ta zo ta tsaya a ƙofa ta wanke su tas, 'yan layi suka taru suna kallo, har da waɗanda Baba ya yi wa magani tun suna goye. Da aka watse ya zauna a kan kujerar da Inna ta tashi, ya jawo jan kwandon gabansa, ya zaro farin guntu ɗaya ya ɗaga shi a haske. Ya zaro wani. Ya daɗe yana kallonsu, ɗaya a kowane hannu.

Washegari Alhamis ce, ba ranar zuwansa ba, amma ƙarfe goma sai ga Na-bango. Ba gilashi a idonsa, rigar ma ba guga.

"Mun rufe karɓar wa'azi," in ji Auta.

"Ɗiyar Inna ta zo asibiti jiya. Ta ce kin faɗa. Ta ce ke kaɗai kika sani." Ya matso gaban kanta. "Me ya sa ba ki ambace ni ba?"

"Ba ka kai ba."

Ya karɓi maganar bai musa ba. Ya ce yana jin haka ya wuce ofishin likitan da ke duba Inna, ya ajiye ledar a kan teburinsa, ya faɗi tun yaushe take aljihunsa. An soke batun na'ura. Yau da safe kuma ya kai wasiƙa hukumar da ta ba shi lasin, ya rubuta musu inda takardarsa ke rataye da inda shi yake yini.

Auta ta tsaya cak da almakashi a hannu.

"Za su karɓe ta."

"Wataƙila."

"Hajiyarka za ta mutu."

"Ta dai suma ɗazu, ta farfaɗo ta ci gaba da zagina."

Dariya ta so ƙwace mata, ta danne. Ya zaro takarda daga aljihun gaba ya shimfiɗa a kan gilashin, wannan karon da hannu biyu. Shaidar aiki ce, ba sa hannu. Ta karanta.

Ya rubuta cewa bai kula da aikinta ba, don ba ya nan, kuma laifin wannan nasa ne. Ya rubuta cewa ta ba wata mata maganin da ba nata ba, matar ta kusa rasa ranta. Ya rubuta cewa su biyu suka ɓoye, ita ce ta fara faɗa, alhali ita ke da abin rasawa ranar Juma'a. A ƙarshe ya ce bai san wanda ya fi ta sanin abin da ƙwaya ɗaya ke iya yi ba.

"Wannan ai kabarina ka haƙa," ta ce.

"Na sani. Na kuma san kina da wata a aljihun tebur, mai ita ta kira ni ta yi mini albishir. In ita za ki kai, ba zan hana ki ba. Ba ni da bakin hanawa."

"Kuma ka ci gaba da raina ni."

"Ni? Sati shida ina aske gemu ban kalli madubi ba, Almakashi."

Ta jawo aljihun tebur. Ambulan ɗin na nan, har yanzu da ɗan ƙamshinta. Takarda ce mai kyau, mai hatimi, wadda za ta wuce kowane ofis ba a ɗaga kai ba. Shekara huɗu, tun da ta gama sakandare, tana jiran ƙofar nan ta buɗe. Ta riƙe ta har yatsunta suka yi gumi.

Sai ta sa mata almakashi. Ya ci a karkace, kamar kullum.

Ta tura masa biro.

"Sa hannu, Na-bango."

Ya sa. Ita ta danne masa gefen takardar har ya gama.

"Ka ga yadda kake rubutu kamar kaza ta bi ta kan tawada," ta ce, hawaye na zubo mata. "Da wannan hannun ake son a aure ni?"

"Da shi, rabin raina. Ba ni da wani."

"Kada ka fara..."

"Na riga na fara tun shekara biyu."

Bayan sati uku aka kira ta ganawa. Mutum biyar ne a bayan dogon tebur, a tsakiyarsu wata tsohuwar farfesa da ta karanta takardar sau biyu, ta leƙo Auta ta saman gilashinta kamar an kawo mata abin da kyanwa ta jawo. Ta ce ashe ita ce mai sanin ƙwaya da ido. Ta buɗe jakarta, ta ajiye fararen ƙwayoyi biyu a kan tebur, ta ce to bismillah, wacce ce wacce.

Auta ta dube su. Ta san su. Ta hagu ta fi kauri kaɗan, tsagarta ba ta kai gefe ba. Sunan ya zo har kan harshenta.

"Ban sani ba, ranki ya daɗe. Sai na ga kwalinsu."

Farfesar ba ta yi murmushi ba. Ta kwashe ƙwayoyinta ta mayar jaka. Ta ce bana dai babu gurbi ga mai shekara biyun da ba wanda ya gani. Ta je ta yi shekara ɗaya ta gaskiya, a gaban mai lasin da ke zama a kujerarsa, ta dawo.

Auta ta yi kuka a matattakalar ginin har mai shara ya zagaye ta da tsintsiya.

Hukuma ta dakatar da Na-bango wata shida, aka sauke firam ɗin, bangon ya bar farin murabba'i sama da firij. Kantin ya koma sayar da abin da doka ta yarda a sayar ba lasin, rabin kantocin suka zama wayam. Auta ta tafi wani ƙaramin asibiti tana aiki a ƙarƙashin wani dattijo mai faɗa, wanda ke sa ta karanta kwali da ƙarfi sau biyu kafin ta miƙa. Mai Turare ta aiko mata da saƙon jaje mai ɗauke da hoton dariya. Auta ba ta amsa ba.

Ranar da aka mayar masa da takardarsa, Na-bango ya zo da ita da kujerarsa, ya ajiye aikin asibiti, ya zauna a kantin. Ya leƙa ƙarƙashin kanta bai ga kwandon ba. Baba ya ce ya tsufa ne ya fashe, kada wani ya ɗauka don shi aka yi. Da manyansa suka zo neman aure kuma, Baba ya ce yaron da ya kai ƙarar kansa ko mahaukaci ne ko mutumin kirki, shi dai ya gaji da bincike, su ɗauka. Hajiyarsa ba ta sauko ba, ta dai gaji ita ma. Ranar ɗaurin aure ta zo ta zauna tana fifita, tana kallon silin.

Sunan Auta ya fito a jami'ar a shekara ta biyu.

Abu ɗaya ne bai gyaru ba. Sau uku tana tsallaka titi da farin yadi a leda, sau uku Inna Tela, wadda ta koma kan kekenta ta kuma mayar da jikinta, tana ci gaba da taka feda kamar ba kowa a ƙofa. A na ukun ta ce wa ɗiyarta ta gaya wa mai tsayuwar nan tana tare mata haske. Na-bango ya ce wa Auta ta haƙura, akwai rigunan kanti, ya ga wasu masu kyau. Auta ta ce ya bar su a inda ya gan su. Ta ajiye yadin a kantin, a inda kwandon yake da.

Ana saura kwana huɗu ta fara shiga aji, da hantsi, tana tsaye tana karanta wa wani tsoho kwalin maganinsa, sai ta ga mijinta ya miƙe daga kujera. Baba ya ajiye rediyonsa.

Inna Tela ce a bakin ƙofa, tef a wuya, fensir a bayan kunne. Ba ta yi wa kowa sallama da suna ba. Ta jira tsohon ya fita, ta tako ciki, ta dubi firam ɗin bango, ta dubi mai shi, ta taɓe baki.

"An ce ta kanti za a saya miki," ta ce wa Auta. "Mai hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. A je jami'a a ce daga layinmu kika fito."

"Inna..."

"Kada ki yi mini kuka a kan tef. Ba hucewa na yi ba. Ina yadin?"

Auta ta durƙusa ta ɗauko. Inna ta murza shi tsakanin yatsu, ta ce ba laifi, duk da an cuce ta a zare. Ta warware tef ɗin, ta zagayo bayan kanta.

"Ɗaga hannu."

Auta ta ɗaga.

Inna ta ja tef ɗin daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, ta duba lambar, ta rubuta a tafin hannunta. Sannan ta sake aunawa, ta sake dubawa.